Jariri a Kwandon Sufaye

Kakata Hajja Yalwa ba ta yi mana tatsuniyar gizo, wai ƙaryar ta yi mata yawa. In muka kewaye murhu tana gasa mana dankali a toka, labari ɗaya take maimaitawa: yadda mahaifiyarta, Inna, ta tafi Makka da ƙafa da goyo a baya.

"Ayarinsu ya ɓata a hamadar Masar," in ji ta. "Gudawa ta tsotse ɗan goyon nan, ko kuka ba ya iyawa. Sai ga ganuwa a gindin dutse, doguwa, ba ƙofa. Ku ji fa, gida ba ƙofa!"

Sufayen Kirista ne a ciki, masu baƙaƙen riguna da dogon gemu. Tsoron mahara ya sa suka toshe ƙofar tun da daɗewa. Ta wata taga can sama suke zuro kwando da igiya, su ba matafiya gurasa. Wani tsohonsu ya leƙo ya ga yaron, ya yi nuni a sa shi a kwando su yi masa magani. Mace kuwa ba ta shiga.

"Maza suka ce kul, in ya hau ya zama nasu! Inna ta ce in ya zauna a bayanta ya zama na ƙasa. Ta kwance majanyi ta sa shi."

Ayari ya wuce ya bar ta. Ta zauna gindin ganuwar, rana na gasa ta, idonta na kan taga, har ranar da kwando ya sauko da ihu a ciki.

"Mai ihun nan shi ne yayana Sani, wannan mai korarku daga bishiyar goba," in ji Hajja Yalwa. Mu kwashe da dariya.

Yanzu a unguwar Al Nahda ta Dubai nake zaune. Wata maƙwabciyata 'yar Masar ta ce gidan ibadar Kiristocin Otodoks ne, irinsa suna nan har yau, an ma buɗe ƙofa. Da ƙuruciya na ɗauka labarin kirkin sufaye ne. Sai da likitoci a nan Dubai suka ce dole a buɗe ƙirjin 'yata Amina na gane labarin Inna ne, da ta iya sakin ɗanta.

Dangi daga Kano sai waya suke, wai in maido ta gida. Wallahi ina tsoro, har abinci ba ya shiga. Amma na ce musu khalas, magana ta ƙare. Gobe da hannuna zan ɗora ta a gadon tiyata, in zauna bakin ƙofa, kuma ba mai tashe ni sai an miƙo min ita.