Ƙafata Ba Ta Ci Taya Ba

Wata biyu cur na yi ba makullin mota a hannuna, wai ƙafata tana cin taya. Ƙafata fa! Lamba talatin da bakwai, ko silifas sai ya shekara bai huje min ba.

Babana dillalin shanu ne a nan Garwa. Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, na kuma yi permi na tuƙi, ya ba ni makulli na biyu: in kai Inna asibiti, in ɗauko cefane, in je fak, wato jami'a, in dawo. Ranakun kasuwa shi ke ja, Adumri, Bibemi, wani zubin har Ngawundere. Duk rayuwarsa okaziyon yake saye, tayoyin da Turawa suka gama morewa suka turo mana ragowar. To a shekarar kasuwa ta yi masa kyau, ya je wani babban shago ya sa sababbi fil guda huɗu, aka haɗo shi da ɗan karne, littafin garanti. Ya dawo yana ƙamshin roba kamar ango.

Karnen nan ya sha gata. Ya naɗe shi a leda biyu, ya kulle a akwatin ƙarfe tare da takardun gida. Na ce, "Baba, akwai gurabe a ciki fa, an ce a riƙa kai motar ana juya tayoyin ana buga hatimi."

Ya ce, "In kai su ɓata min shi da baƙin mai? Ke dai boko ya yi miki yawa."

Sai bazara ta shigo, irin tamu da kwalta ke manne wa takalmi. Kullum da safe kafin ya fita, Baba zai tsuguna gaban kowace taya da tsinken ashana, ya danna bakin iska, fssss, ya ƙirga har goma. Sannan ya matsa gefen tayar da babban yatsa, yadda yake matsa kwiɓin bijimi a kara, ya gyaɗa kai. A iliminsa, zafi na kumbura iska, in ba ka rage ba taya ta fashe maka a hanya. Rabin direbobin tasha haka suke yi, kuma kowa da kakansa direba.

Ba a yi wata takwas ba tayoyin suka yi sanƙo. Sanƙon ma na ban dariya: gefe da gefe sumul kamar tafin hannu, tsakiya kuwa zane raɗau.

Aka kira Baffa, yayan Baba. Mutumin nan ko keke bai taɓa ja ba, amma ba abin da bai sani ba, daga haihuwar saniya har gyaran jirgin sama. Ya zagaya motar sau biyu, hannu a baya, ya shafa taya, ya shinshina yatsa. Wallahi ya shinshina.

Ya ce, "Aikin mace ne. Ƙadangare ya gitta, birki. Leda ta tashi, birki. Na faɗa maka tun farko, ka ce permi gare ta."

A nan take Baba ya miƙo tafin hannu. Na sa masa makulli. Na koma hawa moto, acaɓarmu ta nan, da jakar littattafai, rana na gasa min ƙeya, 'yan gurup ɗin ajinmu suka laƙaba min Madam Taya. Wata shegiya har hoton akuya na tauna roba ta turo, ta rubuta "an ga ƙawarmu".

Ni kuma yatsana ba ya barci. Minti biyu na yi a waya na samo hoton taya irin tamu sak, an rubuta ƙarancin iska a ƙasa. Na kai wa Baba. Ko kallo bai yi ba. Ya ce yana jan mota tun ana biyan kuɗin waya a gidan waya, ba gilashi ne zai koya masa ba.

Abin da ya cece ni, son banza. Baffa ya ce ko wa ya cinye, ai akwai garanti, a je a karɓo huɗu kyauta. Aka buɗe akwati, aka fito da karne. Matsalar ɗaya ce: mai shagon ɗan kudu ne, Fulatancinsa bai wuce "jam na" ba, su kuma Faransancinsu bai wuce na shingen jandarma ba. Dole a tafi da mai laifi ta yi tafinta. A mota Baba ya ja min kunne: "Ki faɗa masa daidai yadda na faɗa. Kar ki rage, kar ki ƙara."

Na ce, "To, Baba."

Shago mai sanyi, ga hoton shugaban ƙasa a bango, wanda na taso na tarar a kowane ofis tun ina ajin fari. Na ce a raina, kai kaɗai ne ba ka cinyewa a ƙasar nan. Patron, mai shagon, ya fito, wani gajere mai tabarau, ya tsuguna, ya zura ɗan ƙarfen awo a tsakiyar taya, ya zura a gefe, ya jona agogon iska. Ya daɗe yana kallon allurar. Ya ce in tambayi Alhaji ko akwai mai taɓa iskar motar.

Na tambaya. Jama'a, Baba ya gyara babbar riga.

"Gaya masa ni ne da kaina. Ba na barin yaran faci su taɓa. Kullum da safe, taya huɗu, ƙirga goma-goma. Ko rana ɗaya ban taɓa fashi ba. Gaya masa ya san ba da sakarai yake magana ba."

Baffa ya ce, "Gaya masa ni shaida ne."

Na gaya masa. Ban rage ba, ban ƙara ba, har shaidar Baffa na kai. Patron ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya yi bayani, ni kuma na juyo da shi a hankali, kalma-kalma, don kada wani abu ya zube a hanya. Taya in iska ta yi mata kaɗan, tsakiyarta lotsawa yake ciki, sai ta zauna a kan kafaɗunta, su ne ke gugar kwalta. Kuma tana ta lanƙwashewa tana miƙewa, zafin da take ɗauka ya fi na mai cikakkiyar iska. Wato abin da ake gudu, fashewa, shi ake gayyata da tsinken ashana. A ɗora mata buhunan dusa da dillalai biyar zuwa Adumri, an gama.

Baba ya ce, "To ya ji. Garantin fa?" Ya warware leda ta farko, ya warware ta biyu, ya miƙa da hannu biyu.

Patron ya buɗe shafi-shafi. Ya ce tun da ya buɗe shago bai taɓa ganin karne mai tsabta irin wannan ba. Na fassara. Baba ya kalli Baffa yana murmushi. Sai na fassara sauran: tsabtar ce matsalar. Garanti na aiki ne in zanen ya cinye bai ɗaya, gefe da tsakiya, kafin a cika kilomitan da aka yi alkawari, kuma kowane gurbi da hatiminsa. Ko a hakan ma ba kyauta ake ba ka sabuwa ba, ragi ake maka gwargwadon abin da ba ka mora ba. Namu kuwa, ko ruwan sanyi bai ci a ba mu ba. Wannan na ƙarshen ni na ƙara, amma a zuci.

Baffa bai haƙura ba. "Tambaye shi, ƙafar mace fa? Ba ta ci?"

Na tambaya da ladabi. Patron ya ce motarsa matarsa ke ja shekara da shekaru, shi a gefe yake zama, ya nuna ta can a bakin shago, tayoyinta ƙalau. Baffa ya ce shi ya sa ƙasar ta lalace.

Na ɗan ji tausayin Baba, gaskiya. Ya tsaya yana ninke ledojin nan biyu ƙanana-ƙanana kamar za su yi wani amfani. Bai ce min na yi gaskiya ba, kuma har yau bai ce ba. Biyu ya sa aka canza na gaba, aka cika wa dukansu iska yana kallo yana cije leɓe, kamar ana yi wa ɗansa allura.

Da muka fito ya tsaya a ƙofar direba, ya shafa goshi, ya ce kansa na sarawa. Ya cillo min makulli ta saman mota.

"Tunda ke ce malamar iska, ki riƙa kawo ta ana dubawa. In suka sake cinyewa, ke ce."

Na cafe shi da hannu ɗaya. Kafin su gama tattara riguna su shiga, yatsana ya riga ya yi aikinsa: hoton makulli, hoton sanƙon taya, da bayanin shari'a a layi uku, duk na ɗora a sitatus.

Baba ya zauna a gefena, ya rufe ƙofa, yana kallon gaba. Ya ce, "Maganar nan ta mutu a cikin motar nan. Ko Innarki."

Na ce, "To, Baba." Na zura hannu ƙarƙashin mayafi na goge sitatus ɗin. Mutum arba'in da ɗaya sun riga sun gani, ta farkonsu matar Baffa.