Wa Zai Riƙe Mini Buta?

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Memuna, mai koko da ƙosai a bakin titin Nima. Kowace shekara in yi niyyar rubuta addu'a kawai in tashi, bana dai zuciyata ta ƙi.

Ƙungiyar matan unguwarmu ta sa-kai ce, muna share kwata, muna kai wa marasa lafiya abinci. Wata shekara wasu masu tallafi suka ce sai mun naɗa jami'ar horar da mambobi kafin su kula mu. Muƙami ne mai dogon suna da Turanci, babu albashi, don haka kowa ta sunkuyar da kai. Yaya ce ta ɗaga hannu. Aka yi mata tafi, ana zaton za ta kawo mai koyar da sabulun ruwa ko haɗa duwatsun wuya, kamar yadda ake yi ko'ina.

A taron farko ta ce ta duba abin da unguwa ta rasa, ta ga wankan gawa ne. Daga Nima har Maamobi, a ɓangarenmu, tsofaffi biyu suka rage masu yi wa mata wanka, ɗaya ido ya tafi, ɗaya ba ta iya miƙewa sai an kama ta. Shugabarmu, Hajiya Adiza, ta dafe ƙirji ta ce, "Ei, Memuna! Mun ce ka kawo ci gaba, kai ka kawo mutuwa? Wannan ba kyau koraa, ko kaɗan."

Yaya ba ta da saurin fushi, amma kafiya kam ta gada. Duk Lahadi bayan ta kwashe tukunya, sai ta jera bokiti da ganyen magarya da kafur a tsakar gidanmu. Babu wadda ta yarda a gwada da ita, sai ita da kanta ta kwanta kan benci, a lulluɓe ta da zane, tana ba da umarni daga ƙarƙashi. "Ke, a hankali da wuyana. Rufe ni da kyau, gawa ma tana jin kunya." Mu yi ta dariya har hawaye, amma hannu yana koyo.

Ba a daɗe ba tsegumi ya tashi. Wai tana kiran ajali, wai duk wadda ta je gidanmu sai an yi rashi a danginta. Mazaje suka hana matansu. Mata suka fara tsallake kokonta su sayi na gaba, don wai hannun da ya taɓa likkafani bai kamata ya dama musu gasara ba. Wannan ya ƙona mata rai fiye da komai, na ga hakan a fuskarta ko da ba ta furta ba. Daga baya aka karɓe muƙamin cikin ladabi, aka ce ta huta, aka ba wata yarinya mai iya magana gaban baƙi. Ɗalibanta suka watse, saura ni da wata Fuseina, wadda yanzu aure ya kai ta Kumasi.

Da Yaya za ta leƙo yau, da ta ga ƙungiya ta yi kyau. Muna da anko, muna da kanofi, rumfar taro, namu na kanmu, ana horaswa a otal, kowa ta fito da takardar shaida a ɗauke ta hoto. Har hoton Yaya sun rataye a ofis, su da suka guji kokonta. Ina jin da ta kalle shi ta yi tsaki, ta tambaya ko an samu wanda ya gaji benci.

Watan jiya wata matashiya ta rasu wajen haihuwa a Maamobi. Aka aiko mini in je in yi mata wanka, na tafi da gwiwoyina masu ciwo. Gidan cike da mambobinmu cikin anko, ana ta salati. Na tsaya bakin ɗaki na ce wata ta zo ta riƙe mini buta kawai, ba sai ta taɓa komai ba. Duk suka kama duban wayoyinsu. Jami'ar horaswa ta matso ta raɗa mini, "Mma, ka yi haƙuri, za mu sa shi a miti na gaba." Uwar yarinyar ce, wadda ya kamata a bar ta da kukanta, ta tashi ta zuba wa 'yarta ruwa. Ban yafe wa kowa wannan ranar ba tukuna.

Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ta huta. Abin da ya rage nata ba ya jikin bangon ofis, yana cikin hannuwana biyu, su kuma sun fara rawa. Likita ya ce in daina tsugunno, na ce masa to. Ranar da za a shimfiɗe ni, na san kanofi zai cika, za a yi kuka sosai, kuma a cikin masu kukan babu wadda ta san ta wane gefe ake fara wanke mutum.