Kwalaben da Yaya Ta Cire da Wuri

A gida muna ce mata Yaya, a wurin aiki kuwa Sake-Gwaji, don ba ta taɓa yarda da sakamakon farko ba. Da wankin kwalabe ta fara a ɗakin binciken magunguna, shekara goma sha tara ke nan, har ta kai ita ke ɗiga sinadarai a kan fararen ƙwayoyin jini. Ni ƙanwarta ce, tela, kuma na sha tambayarta abin da suke nema.

"Jiki na da 'yan gadinsa tun haihuwa," in ji ta. "Ba sai sun san cuta suke far mata ba. Amma wani lokaci barci suke yi. Mu ɗan ƙanƙanin maganin da zai tashe su muke nema."

Shekara biyu suna gwada sinadarai ɗaya bayan ɗaya, ƙwayoyin ko gezau. Kwatsam sai na ɗari huɗu da sha biyu ya tashe su tsaye. Farfesa, shugaban ɗakin, mutumin da ba a cika ganin haƙoransa ba, har tafi ya yi. Ya ce mako mai zuwa a fara gwaji a kan ɓeraye.

Yaya kaɗai ta dawo gida jiki a sanyaye. Ta tuna ranar da aka zuba sinadarin, sauri ya sa ta cire kwalaben daga tanderun da ake gasa su don ƙone dattin ƙwayoyin cuta kafin lokaci ya cika. Ɓurɓushin ƙwayar cuta kuwa, ko matacciya ce, yana tayar da 'yan gadin nan tamkar magani. In ta yi shiru babu mai sani. In ta yi magana, aikinta na iya tafiya.

Ina jin kunyar faɗa, amma ni ce na ce, "Yaya, ki ja bakinki ki yi shiru."

Ta harare ni. "Wata rana a ɗura wa ɗan wani dattin kwalbata? Ke kina ba mutane riga da ɗinki a warware?"

Da safe ta je ta tona kanta. Aka sake gwaji da gasassun kwalabe, ƙwayoyin suka ci gaba da barcinsu. Ta sha takardar gargaɗi, Farfesa ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarta. Ni kam har yau ina jin haushinsa, ita ko a jikinta.

Bayan wata bakwai wani sinadarin ya sake tayar da ƙwayoyin. Wannan karon ba wanda ya yi tafi. Farfesa da kansa ya ɗauko kwalbar, ya ajiye a gaban Yaya.

"Malama, kashe mini wannan sakamakon in za ki iya."

Sau huɗu ta gwada, da sabon ruwa, da kwalaben da ta gasa da hannunta, da jinin mutum uku daban, kowane karo ƙwayoyin na tashi. Ranar da ta gama ta leƙa ofishinsa, ko zama ba ta yi ba.

"Ranka ya daɗe, ya fi ƙarfina. A kawo ɓerayen."