Babur Mai Gaskiya na Mai Mita

A unguwarmu ana jin Mai Mita kafin a gan shi. Zai ƙwanƙwasa ƙofa da gindin sukudireba, sannan murya ta biyo ta cikin hanci: "Salamu alaikum, masu ruwa ne!" Aikinsa karanta mitar ruwa gida-gida. Yana saurayi ya shiga ofishin ruwa, yanzu furfura ta cinye gemunsa, gwiwar wandonsa kuwa kullum a koɗe take saboda durƙuso gaban mita.

A wannan durƙuson ya karanci mutane. Ya ga mitar da aka juya ta tana tafiya da baya. Ya ga wadda aka cusa wa tsinken tsintsiya don ta rage gudu. Ya shiga gidan da ake wankin mota a tsakar gida, ga lambu shar a baya, amma mita tana nuna kamar tsohuwa ɗaya ce a ciki tana kurɓa da cokali. Daga nan ya yanke wa duniya hukunci ɗaya: duk mitar da ta nuna kaɗan, an taɓa ta. Ko sikelin mai nama ya gani, sai ya leƙa ƙarƙashinsa.

Gari ya yi ta faɗi, aka ƙara masa sababbin unguwanni a hayin gada. Sabon shugaban sashe ya tara ma'aikata ya ce duk wanda ba ya gama zagayensa kafin wata ya ƙare, za a ba wani yankinsa, shi kuma a sallame shi ya je ya huta. Mai Mita ya dubi ƙafafunsa, ya ga ba za su kai shi ba. Ya kira ƙanin matarsa, bakanike ne, suka nufi kasuwar babura na hannu.

Dillali ya tare su tun daga bakin rumfa, ya ja su wurin wani babur mai sheƙi.

"Yallaɓai, ga naka. Na wata ma'aikaciyar jinya ne. Daga gida sai asibiti, asibitin ma a bayan gidanta yake. Dubi mita, ko kilomita dubu biyar bai yi ba."

Mai Mita ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya kai hanci kusa da gilashin mita, ya shafa kusoshin murfin.

"Wa ya kwance kusoshin nan?"

"Kusoshi kuma?"

"Kansu duk ya cinye. Sannan dubi matakin ƙafa, roba ta ƙare har ƙarfe ya fito. Wannan baiwar Allah da ƙafa take jan babur ɗin zuwa asibitin?"

Dillali ya yi dariya, ya matsa gaba. Ya nuna na wani dattijo da ya saya ya ajiye a falo saboda tsoron titi. Ya nuna na wani da ya saya ranar Litinin aka yi masa canjin aiki ranar Talata. Duk wanda aka nuna, Mai Mita ya durƙusa ya tashi yana girgiza kai. Har inda gaskiya take, ba a kama shi da kuskure ko ɗaya ba.

Can a ƙuryar rumfa akwai wani babur da aka mayar wurin rataye tsumma. Fentin tanki ya koɗe, an ɗaure kujerar da robar taya. Mai Mita ya share gilashin mitarsa da bakin riga. Lambar ta haura dubu casa'in. Fuskarsa ta washe kamar ya haɗu da ɗan ajinsu.

"Wannan nake so."

"Yaya, lafiya?" in ji bakanike.

"Duk rumfar nan shi kaɗai ne bai yi mini ƙarya ba."

"To Yaya, gaskiya za ka hau ko babur?"

Duk da haka bakanike ya buga masa kik, ya kara kunne jikin inji, ya sa tafin hannu a bakin salansa ya duba ko akwai baƙin hayaƙi, ya zaro ma'aunin mai ya murza a yatsa. Ya ce injin ya tsufa amma ba ya ƙwanƙwasa, da alama mai shi yana canza masa baƙin mai a kan lokaci. In aka ci gaba da haka, aka riƙa hawansa kullum, ba a bar shi ya yi zafi ba, zai daɗe.

Dillali kuwa ransa ya ɓaci, babban ciniki ya kuɓuce masa. Yana miƙa makulli ya ce, "Allah ya sanya alheri. Amma ka sani, irin wannan injin da ya cika dubu ɗari ya gama aiki. Ranar ko ƙofar gida ba zai fita ba."

Bakanike ya yi bayani mai tsawo, dillali ya faɗi jimla ɗaya. Amma ta dillali ce mai lamba a ciki, saboda haka ita Mai Mita ya tafi da ita gida.

Tun daga ranar ya shiga tattalin kilomita. Da safe sai ya turo babur daga gida zuwa bakin titi don kada inji ya wahala. In ya zo gangara ya kashe inji, ya sauka a hankali yana jin daɗi ya ci riba. Bai daɗe ba ya lura lambar tana tafiya ko inji a kashe yake, ko turawa yake yi, domin da tayar gaba take aiki. Ya tsaya a tsakiyar hanya yana salati. Ashe duk zufar da yake yi, ana rubuta masa.

Sai ya sake dabara. Ya riƙa hawa har bakin gada, ya ɗaure babur da sarƙa a gindin bishiya kusa da mai shayi, ya shiga unguwanni da ƙafa. In ya yi layi biyu zuciyarsa ta ce masa ana can ana kwance madubi, sai ya dawo dubawa. Tafiyar ƙafa da yake yi yanzu ta ninka ta lokacin da ba shi da abin hawa.

"Malam Mai Mita," in ji mai shayi, "wannan babur ɗin naka kiwo ka kawo shi? In yanko masa ciyawa?"

"Kai dai sa ido a kansa."

"Ai ko ɓarawo ya zo, sadaka zai ajiye masa ya wuce."

A gida ma ba sauƙi. Matarsa ta ce ya kai ta dubiyar yayarta, ya ce ta hau motar haya.

"Baban yara, ka ce mini tafiya ce take cin lamba, ba nauyi ba. Ni ko na hau ko ban hau ba ai ɗaya ne."

"In ba ki hau ba, ai ba zan je ba."

"To me muka saya ke nan? Agogon bango mai taya?"

Saboda yawan ajiya batir ya mutu, mai ya daskare a kabureta, babur ya fara tari da safe. Mai Mita ya ce ga shi nan, alamar dubu ɗari ce ta fara. Bakanike ya wanke kaburetar yana faɗa: "Yaya, zama ne yake kashe shi! Inji ba tulun ruwa ba ne da za ka ce ana ɗiba yana ƙarewa. In ringi ya cinye mu canza ringi, in fistin ne mu canza fistin."

"Ka ji abin da mai sayarwa ya ce."

"Mutumin da ya ce maka ma'aikaciyar jinya ce ta cinye matakin ƙarfe? Shi ne yanzu malaminka?"

"A kan wancan ƙarya ya yi, don yana son sayarwa. A kan wannan ya riga ya sayar, me zai ci da ƙarya?"

Bakanike ya ajiye sifana ya fita shan iska.

Wata ya ƙare, rabin hayin gada ba a karanta ba. Na biyu ma haka. Shugaban sashe ya kira shi ofis, bai ko ce ya zauna ba.

"Baba, an ce mini ka sayi babur."

"Na saya, ranka ya daɗe."

"To shi ne yake hawanka? Wannan watan shi ne na ƙarshe. In zagayenka bai cika ba, akwai masu jiran yankin."

Ya dawo gida ya zauna a kan tabarma yana kallon babur, abinci ya huce a gabansa. Matarsa ta tambaye shi, ya gaya mata komai. A lissafinsa, in ya bi umarnin ofis zai ƙarar da injin kafin shekara ta zagayo, in ya bi injin zai rasa aiki a watan nan. Da la'asar matar ta yafa gyale ta ce za ta gaida ƙaninta.

Washegari yana banɗaki yana wanka, ta tsuguna gaban tayar gaba, ta murɗe wata 'yar waya daga inda bakanike ya nuna mata, ta koma kicin.

Bai kai ƙarshen layi ba ya ga allurar mita a kwance, lambar ba ta motsi. Ya ja burki, ya sauka, ya durƙusa. Waya tana lilo. Ba tsinkewa ta yi ba, bakinta tsaf yake, kwance ta aka yi da hannu. Ya sunsuna. Warin albasa. Mutum ne da ya shekara da shekaru yana gane aikin hannu a jikin mita, ba ya bukatar a gaya masa na wace ce. Mayar da wayar kuwa ba zai ɗauke shi minti ɗaya ba.

Ya daɗe a durƙushe, har wani mai tura ruwa ya tsaya ya ce, "Baba, wani abu ya faɗi ne?"

"A'a, wuce abinka."

Ya soke wayar a bayan madigadin taya inda ido ba zai gan ta ba, ya buga kik. Ranar bai tsaya wurin mai shayi ba. Ya shiga hayin gada lungu-lungu a kan babur, yana tsayawa ƙofar kowane gida. Kafin rana ta yi sanyi ya karanta abin da a da yake cinye masa mako.

Da ya dawo, matarsa tana tsakar gida tana yankan albasa, ba ta ɗago kai ba.

"Sannu da zuwa. Ya babur?"

"Lafiya lau. Wayar mita ce ta lalace."

"Ayya! Da kanta?"

"Da kanta. Kin san kayan yanzu."

"Allah ya kyauta. A gyara ne?"

Ya cire takalmi, ya daɗe yana kaɗe ƙurar da ke ciki.

"Sai an samu ta asali. Ba zan sa wa babur ɗin nan jabu ba." Ya yi gyaran murya. "Kin ce yayarki ba ta da lafiya ko? Shirya gobe in sauke ki."

Yankin yana hannunsa har yau. An canza wa injin ringi, ana zuba masa baƙin mai a kan lokaci, yana tari da safe amma yana zuwa duk inda aka nufa. Bakanike ya kawo masa wayar mita iri-iri daga kasuwa don tsokana. Kowacce sai Mai Mita ya ɗaga ta sama, ya juya ta a hasken rana, ya lanƙwasa, ya mayar masa.

"Wannan ma jabu ce. Ci gaba da nema, amma kada ka takura kanka."