Motar Surukina a Garka

Shekarar da gero ya ƙone a tsaye, soja na mulki a nan, soja na mulki a Najeriya, ni ke tuƙa kamiyon surukina, babbar motar kaya. Ita kaɗai ta rage mashi, kuma gida uku ke ci daga gare ta a Sabon Gari. Na ɗauko masara daga wajen Katsina ta hanyar daji, 'yan duwan ɗin can, wato kwastan, suka tare ni, suka karɓe makulli, suka miƙo mani takarda da Ingilishi. Sai a bayan motar wani na dawo Maraɗi.

Ban je gida ba. Da wane ido? Na nufi unguwar Zariya wurin wani mushe, malamin boko, da ke koyarwa a lakwal. Faransanci ya iya, amma girman kai bai bar shi ya ce bai san Ingilishi ba. Ya ɗora yatsa kan kalma ɗaya, impound, ya ce, "An ƙwace ta ke nan har abada." Wallahi har yau in na tuna shi raina sai ya ɓaci.

Na gudu Jiratawa wurin gwaggona, na kwana uku ina cewa zazzaɓi nake. Ita ta gaji da ni, ta tura ni wurin wani tsoho da ya yi tafinta a kotu a Katsina kafin ya dawo noman albasa bakin kanal ɗin ban-ruwa.

Ya karanta, ya dube ni, ya tuntsure da dariya.

"Kai yaro, akuya in ta shiga gonar wani, ina ake kai ta?"

Na ce, "Gidan mai gari, Baba."

"Yanka ta ake yi?"

"A'a, ɗaure ta ake har mai ita ya zo."

Ya ce to haka Turawan Ingila suke yi tun da can. Kowane ƙauye nasu yana da garka da ake rufe dabbar da ta yi ɓarna, sunan garkar nan ne ya zama wannan kalma, alƙalai suka ɗauka. Ma'anarta a tsare, ba a cinye ba. "Masarar dai ka yi mata bankwana. Amma mota tana nan. Mai ita zai je da takardunsa, shi da kansa, ba direba ba."

Na zauna daɓas a kan kunyar albasa. Daɗi ya kama ni, sannan na gane dole dai in fuskanci surukina.

Na same shi a zaure bayan la'asar. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na fara zuba bayanin akuya da garka kamar ni na ƙago shi. Bai ko karɓi takardar ba.

Ya ce, "Ka gama? Tun shekaranjiya direbobi suka gaya mani inda motar take. Kai ne ba wanda ya san inda kake. Mun aika Tibiri, mun duba asibiti, har gidan kaso na je da ƙafata. Tashi ka shiga ciki, matarka kwana uku ba ta sa komi a bakinta ba."