Ranar da Baƙuwa Ta Tsaya wa 'Yar Ƙasa

A Jos aka haife ni, a Jos aka haifi mahaifina, kakana kuma haƙar kuza ce ta kai shi can tun yana saurayi. Duk da haka, da na gama sakandare na je sakatariyar ƙaramar hukuma neman takardar shaidar zama 'yar asalin jiha, wadda sai da ita ake shiga makarantar koyon jinya, sai wani ma'aikaci ya dubi sunan mahaifina ya ce in koma garinmu a ba ni. Na tambaye shi wane gari. Ya ce in tambayi kakana. A lokacin kakana ya shekara goma da rasuwa. Ban samu takardar ba, ban shiga makarantar ba, kuma tun daga ranar duk wanda ya buɗe baki ya ce min shi ɗan ƙasa ne, raina kan ɓaci tun bai ƙarasa maganarsa ba.

Na kawo wannan ne don a san da wane kunne na riƙa sauraron tsohuwar da na yi wa aiki a Parkchester, wata unguwa a wani babban birnin Amurka, bayan na koma can da zama. Kamfanin kula da tsofaffi a gida ne ya tura ni wurinta. In yi mata wanka, in dafa mata abinci, in ba ta magani, in tura ta a keken marasa lafiya mu zaga unguwa idan rana ta fito. Gini biyu ne tsakanin gidana da nata, don haka aikin ya zo min da sauƙi. Kaka nake ce mata. Da farko na ɗauka Baturiya ce da rana ta ɗan ƙona, sai daga baya na gane 'yar ƙabilun nan ce da Turawa suka tarar a ƙasar, waɗanda muka tashi muna ce wa jajayen Indiyawa. Sau ɗaya na faɗi wannan suna a gabanta, irin kallon da ta yi min ya sa ban ƙara ba. Mutanensu suna can arewacin jihar, bakin iyakar Kanada. Aikin ƙarafan dogayen gine-gine ne ya kawo mijinta birni, ya rasu ya bar ta a ɗakin da suka yi fiye da shekara arba'in a ciki.

A kakar 2018 aka shiga haramar zaɓen 'yan majalisar tarayya, sai Kaka ta manne wa talabijin. Wata mata daga ƙabilun nasu ta fito takara a wata jiha can yamma mai nisa, kuma duk lokacin da aka nuno ta sai Kaka ta ɗaga min hannu in yi shiru, ko da ba magana nake yi ba. 'Yarmu take ce mata, alhali ko yare ba su haɗa ba. Daga bakinta na ji damuwarsu: bututun mai da ake son ratsawa da shi ta kusa da ruwan shansu, da 'yan matansu da ke ɓata babu mai nema, da kuma wasu wurare da ake cewa sai mutum ya nuna lambar gida da sunan titi kafin ya yi zaɓe, a ƙauyukan da ba a taɓa sa wa titi suna ba. Ina jinta, ina yanka albasata.

Wata rana ina taje mata kai ta ce lokaci ya yi da masu ƙasa za su zauna a majalisar ƙasarsu. Ban san lokacin da na ajiye mataji ba. Na ce mata ni wannan magana ta masu ƙasa na ji ta har na ƙoshi, kuma ban taɓa ganin ta ƙare da alheri ba. Na kwashe labarin sakatariya na faɗa mata, da yadda a garinmu daga maganar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo aka kai ga ƙona gidaje, kowane ɓangare ya binne nasa. Na zaci za ta kira kamfani ta ce a canza ni. Ba ta kira ba. Tambaya ɗaya ta yi min, wai wane ne ke ba da takardar. Na ce sai mai unguwa ko wani dattijo ɗan asalin wurin ya sa hannu cewa ya san ka, ya san iyayenka. Ta gyaɗa kai ta ce in ƙarasa mata tazar.

Ita ba za ta iya zaɓar 'yar tasu ba, tunda ba jiharsu ɗaya ba. Amma ta ce duk majalisa ɗaya za a tura su, kuma ba ta so yarinyar ta je ta zauna cikin mutanen da ba za su saurare ta ba. Don haka sai ta jefa ƙuri'arta a nan. Ciwon zuciya ya riga ya ci ƙarfinta, ita da kanta ta ce wannan ne zaɓenta na ƙarshe, ta faɗa kamar mai cewa gishiri ya ƙare. 'Yarta ta bugo waya ta ce a aiko mata da takardar zaɓe ta gidan waya, ta ƙi. Ta ce da kanta za ta je a gan ta. Wato ni zan kai ta ke nan.

Ni kuwa ranar zaɓe ba ranar fita ba ce a wurina. Can gida Jos tun ana sauran kwana biyu muke sayen shinkafa da mai, mu kulle ƙofa, mu kasa kunne. Ban taɓa jefa ƙuri'a ba a rayuwata. Shekara biyu kafin nan na zama 'yar Amurka a takarda, kuma a wurin rantsuwar aka miƙo min fom na cika, ashe rajistar zaɓe ce. Maigidana, wanda tasi yake ja, ya ce tunda dai zan je, in gwada nawa, amma in kwashi takarduna duka, kada wani ya sami abin faɗa. Ban buƙaci ya maimaita ba. Na zuba fasfo, da satifiket ɗin zama 'yar ƙasa, da takardar haya, da ta wutar lantarki, da hotuna huɗu, har da takardar ɗaurin aure, duk a cikin wata jakar fata. Kaka ba ta ɗauki komai ba sai tabarau da ɗan kunnen azurfa da ta sa na maƙala mata.

Ranar zaɓen Talata ce, ana ruwa. Na lulluɓe ta da leda na tura ta har makarantar unguwa, inda aka jera tebura a ɗakin wasanni. Da muka iso gaban layi, matar da ke riƙe da littafin sunaye ta fara da ni. Na buɗe jaka na fara jera mata takardu a kan tebur, na riga na shirya faɗan da zan yi. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta tambayi sunana, ta buɗe shafi, ta nuna min inda zan sa hannu, ta miƙo min takardar zaɓe. Har na ɗan ji haushi, saboda faɗan ya tafi a banza.

Sai aka zo kan Kaka. Matar ta duba, ta sake dubawa, ta kira wani mutum shi ma ya duba. Babu sunanta. Daga baya muka gane abin da ya faru: shekarar da ta yi doguwar jinya a wurin 'yarta, ofishin zaɓe ya aiko mata da kati ya koma babu wanda ya karɓa, sai aka ɗauka ta tashi. Mutumin ya ce kada ta damu, za a ba ta takarda ta cika ta yi rantsuwa, a sa ƙuri'ar a ambulan, idan an bincika an tabbatar sai a ƙirga.

Wannan "idan an bincika" shi ya tayar min da tsohon ciwo. Na tura masa fasfo ɗina har gaban hancinsa.

"Ni na san ta," na ce masa. "Na san gidanta, na ga hoton mijinta da na iyayenta. Na tsaya mata. Nuna min inda zan sa hannu."

Ya dube ni, ya dubi fasfon, ya ce a nan ba a kawo shaida. Na ce to a kira babbansu. Ya ce shi ne babban. Mutanen layi suka fara leƙowa. Sai na ji keken yana girgiza a hannuna, na duba a tsorace ko ciwon ne ya tashi, ashe dariya take yi har da hawaye. Ni ko alamar dariya ban ji ba. Na ce na rantse ba zan jefa tawa ba sai an karɓi tata yadda aka karɓi ta kowa.

Nan take dariyar ta tsaya. Ta kama hannun rigata ta jawo ni ƙasa.

"'Yata, je ki jefa," ta ce. "Kakata har ta tsufa ba a yarda ta riƙe wannan takarda ba. Kada ki riƙe taki a hannu saboda ni."

Na je na cika, na zura a na'ura, na'urar ta haɗiye ta nuna an ƙirga. Ita kuwa ta ɗauki kusan rabin awa tana cika fom, aka liƙe ambulan aka jefa a wata jaka a gefe. Kunya ta kama ni ƙwarai, kamar na ci abinci a gidan mutum na bar shi da yunwa.

A wurinmu idan ka jefa ƙuri'a ba ka tafiya, sai ka tsare akwati har a ƙirga a gabanka. Haka na ja kekenta kusa da jakar, na sami kujera na zauna, ina harar duk wanda ya matso. Sai da mutumin ya zo ya yi min bayani cewa ba ranar za a buɗe ba, kuma ba a nan ba, sai bayan kwanaki a ofishinsu. Lokacin maganinta ya yi, dole na tashi. Amma na karɓi lambar wayar ofishin kafin mu fita.

Washegari aka ce 'yar tasu ta ci. Kaka ta sa na dafa mata miyar masara irin tasu, ta sha cokali uku. Ni dai hankalina yana kan ambulan. Kullum da hantsi sai na buga waya, har matar da ke ɗauka ta gane muryata tun daga gaisuwa. Kaka ta ce in ƙyale bayin Allah, an riga an gama zaɓe. Na ce ni ban gama ba. A mako na uku matar ta ce an buɗe, an ƙirga, an kuma mayar da sunanta cikin littafi. Na sa ta maimaita, na kara wa Kaka wayar a kunne.

Ta saurara har ƙarshe. Ta ce in miƙo mata biro da ambulan ɗin kantin magani da ke kan tebur. Ta daɗe tana rubutu a bayansa, ta tambaye ni sunan mahaifina da na kakana, na faɗa mata harafi-harafi. Ta rubuta cewa ita, wance 'yar wance, wadda kakanninta suke wannan ƙasa tun kafin a gina birnin, ta san ni, ta san aikina, kuma ta shaida ni 'yar nan ce. Ta sa hannu, ta sa kwanan wata.

"Ba haka kika ce ake yi ba?" ta tambaye ni.

Na ce haka ake yi. Na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kukana, na wanke fuska, na fito na ɗora mata ruwan shayi.

Ba ta kai zaɓe na gaba ba. Takardar tana cikin jakar fata, tsakanin fasfo da satifiket, kuma har yanzu duk ranar zaɓe da jakar nake fita, ko da yake ba wanda ya taɓa cewa in buɗe.