Sai Me Ya Biyo?

Lokacin cirar auduga ne, bana gonaki sun yi fari fat, kowa bakinsa har kunne. 'Yata ta dawo daga makaranta da wata kalmar Turanci da ba kasafai ake jin ta ba. Wai ma'anarta magana ta bi magana, kowace ta haifi ta gaba.

Na tafa hannu, na ce, "Ai wannan Goggo ce!"

Goggo yayar babana ce, haihuwar kafin zuwan Turawa. Ina yarinya aka ce ni na bar ƙofar ɗakin ajiya buɗe, awaki suka cinye anguriyar shuka. Baba ya ɗauko tsumagiya. Goggo tana gurzar auduga, ƙarfe na kuka kan dutse, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Dakata, Malam. Yaushe ta tafi rijiya?"

"Da hantsi."

"Sai me ya biyo?"

"Sai na shiga ɗauko fartanya, na…" Nan ya tuna shi ya bar ƙofar buɗe.

"To, miƙo min tsumagiyar, kai kuma juya bayanka."

Washegarin hirarmu da 'yata na tono ƙarfen gurzar Goggo, na ba yarinyar labarin daki-daki. Allah Ya sa tambayoyin kabari sun zo miki da sauƙi, Goggo.